Na Bi Sawun Hoton Garejin Baba Har Francorchamps

Tun ina 'yan firamare nake ganin wata tsohuwar kalanda a bangon garejin mahaifinmu a Kano, can ƙurya inda yake rataye sifanoni. Shekararta ta daɗe da wucewa, takardun watannin duk an yage an goge hannu da su, amma hoton da ke sama Baba bai taɓa yarda an cire ba. Motocin tsere ne guda uku, sirara kamar kwalekwale, tayoyinsu a waje, sun shawo wata doguwar kwana a jere. A gefen titin ga gidan dutse, ga falwaya, ga mutane tsaitsaye ba abin da ya raba su da motocin sai waya irin wadda ake yi wa shanu shinge da ita. Gara ta cinye rubutun da ke ƙasa, haruffa shida kawai ta bari: CHAMPS. Idan yaron gareji ya ɗaure taya da wasa, Baba yakan nuna hoton da sifana ya ce, "Wanda ya ɗaure waɗancan, ran mutum ne a hannunsa. Kai ma haka." Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo raba kayan gareji, ni hoton nan na roƙa.

Sana'ata ce ta kai ni inda aka ɗauke shi. Motocin da muke kira Beljiyam nake sayarwa, kuma wanda ke turo mini su wani tsohon abokin cinikin Baba ne, mutumin Maraɗi, wanda ya haura shekara 20 a Brussels. Kawu nake ce masa. Wata rana na tura masa hoton ta WhatsApp, ko minti biyar ba a yi ba ya bugo ya ce, "Ɗana, ai filin tseren motoci na Spa-Francorchamps ne, a nan Beljiyam. Daga ƙofar gidana awa biyu ba ta cika. Duk ran da Allah ya kawo ka, ni zan kai ka."

Allah ya kawo ni a watan Oktoba. Maganar biza ba zan ja ta ba: takardu, jira, da Yuro 90 kuɗin nema. Daga Kano na shiga mota zuwa Kaduna, na hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Idu, na tashi daga Abuja ta Addis Ababa, gari na wayewa muna sauka Brussels. Jami'in duba fasfo ya tambayi inda zan sauka da ranar komawata, ya duba tikiti, ya buga hatimi. Kilishi Kawu ya riga ya hana ni tahowa da shi, domin dokarsu ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama ba. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya na kawo wa iyalinsa, hoton kuma yana cikin ambulan tsakanin kwali biyu a jakar hannuna.

Kwana biyar na yi a unguwar Heyvaert, bakin mashigin ruwan da ya ratsa birnin, inda garejin tsofaffin motoci ke jere ƙofa da ƙofa. Can za ka ji Hausa da Zabarmanci da Larabci da Faransanci a layi ɗaya, kuma daga can ake loda motoci zuwa tashar jiragen ruwa ta Antwerp, sai Kwatano ko Legas. Na sayi abin da kuɗina ya isa. Ranar Juma'a muna idar da salla muka kama hanya a motar Kawu.

Tafiyar kusan kilomita 140 ce. Mun bi babban titin E40 zuwa Liège, muka karkata kan E42 ta wajen Verviers. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tun daga Brussels har muka isa babu wanda ya ɗaga mana hannu. Ba shinge, ba ganga a tsakiyar titi, ba kuɗin hanya. Iyakar gudu 120 ce, kuma Kawu bai yarda allura ta haura ba, ya ce kyamara ce ɗan sandansu, takardar tara har gida take iske mutum. Ni da na saba ƙirga shingaye tsakanin Katsina da Jibiya, sai na riƙa kai hannu aljihu ina taɓa fasfo. Bayan Verviers ƙasa ta fara tudu da kwari, dazuzzukan Ardennes suka rufe mu hagu da dama, ga hazo kwance a kan itatuwa. Kawu ya nuna mini allon garin Spa, ya ce ruwan kwalbar da muke sha tun safe daga can yake, kuma duk da sunan garin na gaba a sunan filin, filin kansa ba a Spa yake ba, yana ƙasar Stavelot da Malmedy.

Mun kwana a wani ƙaramin masauki na wata mata da mijinta kusa da Stavelot, ɗaki mai gado biyu Yuro 85 har da karin kumallo. Sanyi ya ratsa ni har ƙashi, da ruwan zafi na yi alwala. Da safe matar ta jera burodi da cuku da ƙwai da wani yankakken nama. Kawu ya yi mata bayani cikin ladabi, ta ɗauke naman ta ƙaro mana ƙwai da zuma.

Ƙarar ce ta fara tarbar mu. Tun muna ajiye mota muke jin ta tana fitowa daga cikin daji, ta ɓace, ta sake dawowa. Ba ranar babbar gasa ba ce, masu motocin kansu ne suka biya suna zagayawa, don haka an bar mu mun shiga da ƙafa ba tare da tikiti ba. Muka gangara ta gefen tsofaffin rumfunan gyaran motoci, inda a zamanin da ake tsayar da motoci kafin a tashe su, har muka tsaya a gindin kwanar da duk mai kallon tsere ya sani, wato Eau Rouge.

Na sha ganin wurin nan a talabijin, amma talabijin shafe shi take yi. Titin yana gangarowa ne kamar zai nutse cikin ƙasa, ya ɗan karkata hagu a kan wani rafi, sannan ya miƙe tsaye zuwa dama ya hau tudun da suke kira Raidillon, ya sake komawa hagu a can ƙoli inda direba ba ya ganin komai sai sararin sama. Hawan ya kai mita 40, kwatankwacin bene mai hawa goma sha biyu. Na ɗaga kai har hulata ta nemi faɗuwa. Motocin Formula 1 na yanzu, wato na babbar gasar tseren motoci ta duniya, suna hawa nan da gudun kusan kilomita 300 a awa, direba bai ɗaga ƙafa daga totur ba. Rafin kuwa ɗan ƙarami ne, yaro ma zai tsallake shi, duwatsun cikinsa sun yi ja kamar tsatsa saboda ƙarfen da ke cikin ƙasar, daga nan ya samo sunansa, jan ruwa. Kawu ya ce wannan ɗan rafin shi ne iyakar Beljiyam da Jamus har bayan yaƙin duniya na farko. Da can titin ba ya hawa tudun kai tsaye, hagu yake yi ya bi ta tsohon shingen kwastan, ya sha wata matsattsiyar kwana ya dawo. A 1939 aka yanke wancan zagayen aka gina hawan, don kawai filin ya ƙara gudu. Ashe shingen da na yi ta nema a hanya yana nan, shekara ɗari da tashinsa.

Mun hau har saman tudun ta hanyar 'yan kallo, ina haki. A can na ga sabon aikin da aka yi a 2022: ƙatuwar rumfar 'yan kallo mai rufi, an ja shingaye baya, an faɗaɗa filin da mota za ta zame a kai idan ta ƙwace, a wasu kwanonin kuma an zuba tsakuwa mai zurfi da ke riƙe taya. Bayan shingen ƙarfe akwai tayoyi ɗaure jere-jere, bayansu ga doguwar ragar waya da ta fi mutum uku tsawo. Na fito da hoton Baba na riƙe shi ina dubawa. Babu ko abu ɗaya a cikinsa da ya yi kama da inda nake tsaye. Ba gida, ba falwaya, ba gona. Raina ya ɗan sosu, na ce wa Kawu ko dai ba nan ba ne. Ya ce, "Yi haƙuri, ɗana. Wannan da kake gani rabin filin ne. Sauran rabin yana waje."

Bayanin maganarsa a gidan tarihi na same shi. Yana cikin garin Stavelot, a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na wani tsohon gidan masu ibadar Kirista da aka kafa tun ƙarni na 7. Mun biya Yuro goma da 'yan kai kowannenmu. Motoci da babura na tsere suna jere ƙarƙashin bakan dutse, amma ni hotunan bango da taswirar filin ne suka riƙe ni fiye da awa biyu.

Ashe tun asali ba a gina filin tsere a nan ba. A 1920 wasu mutum biyu, Jules de Thier na jaridar La Meuse da Henri Langlois van Ophem, suka dubi titunan da suka haɗa Francorchamps da Malmedy da Stavelot kamar duwatsun murhu uku, suka ce a rufe su a yi tsere a kai. Zagaye ɗaya kusan kilomita 15. Gasar motoci ta farko da aka shirya a 1921 ba ta yiwu ba domin mota ɗaya tak aka rubuta, sai masu babura suka yi tasu. Motoci sun fara a 1922, gasar awa 24 ta fara a 1924, a 1925 kuma Antonio Ascari ya ci babbar gasa ta farko da Alfa Romeo. Hotunan wancan lokaci sun nuna titi siriri, direbobi da hular yadi da tabarau, ga itatuwa har bakin hanya. Daga baya aka daidaita zagayen ya koma kilomita 14.1, kuma a kan wannan ne Fangio ya ci a 1950, Jim Clark ya ci sau huɗu a jere daga 1962 zuwa 1965.

Ina tafe ina kallon yadda motocin ke ƙara sirancewa suna ƙara gudu daga hoto zuwa hoto, gefen titin kuwa yana nan yadda yake: damin busasshiyar ciyawa, wayar shinge, bangon gida. A 1973 Henri Pescarolo ya zagaye kilomita 14.1 ɗin nan da motar Matra cikin minti 3 da daƙiƙa 13, wato matsakaicin gudun kilomita 262 a awa, da kwanoni da hawa da gangara duk a ciki. Na yi lissafi a tsaye a wurin: da daga Kano zuwa Zariya ne, minti talatin da 'yan kai ke nan. A kan titin da manoma ke bi da tarakta ran Litinin.

Bayan azahar muka shiga mota muka bi tsohon titin da kanmu, domin har yau hanyar kowa da kowa ce. A ƙarshen doguwar miƙar Kemmel, wurin da ake kira Les Combes, filin yanzu yana yin dama ya shige daji. Tsohon kuwa hagu yake yi ya gangara kwari. Muka biyo gangarar ta ƙauyen Burnenville, muka wuce mahaɗar Malmedy inda babban titin zamani ya ratsa ya canza fasalin wurin, sai ga mu a kan miƙar Masta. Titi ne mai hannu biyu, mota ɗaya tafiya ɗaya dawowa, faɗinsa bai fi na hanyar Kano zuwa Gwarzo ba. Ya miƙe sama da kilomita biyu yana gangara, sannan a tsakiyar wasu gidaje ya yi ɗan lanƙwasa hagu, ya koma dama. Kawu yana tafiya da 70, duk da haka sai da na dafe kujera, domin kusurwar gida ce ke fuskantar ka kai tsaye. Mutanen da suna shiga nan da gudun da ya kusa 300.

A nan Masta muka tsaya wani shagon soyayyen dankalin Turawa. Kawu ya tambayi man da ake suya da shi, domin da yawansu da kitsen saniya suke yi, mai shagon ta ce nata man tsirrai ne. Yuro 4 kowane ƙunshi, kuma ƙunshin ya ƙosar da ni. Na fito da ɗan ƙullin yajina ina barbaɗawa, sai wani dattijo da ke teburin kusa ya leƙo yana tambayar mene ne. Na miƙa masa, ya ɗanɗana, idonsa ya kawo ruwa, ya yi dariya ya ƙara. Daga nan hira ta ɓarke, Kawu yana yi mana tafinta.

Dattijon ya haura saba'in, a wannan kwarin aka haife shi, ubansa manomi ne mai shanu. Ya ce idan makon tsere ya zo, sai an kwashe shanun daga gonakin bakin titi, kuma wanda gidansa ke kan hanya ba fita ba shiga sai an tashi. Su yara sukan hau bangon gona su zauna ƙafafunsu na reto, motoci na wucewa ƙarƙashinsu, iskar tana kaɗa musu riguna. Ya ce tun motocin suna Burnenville ake jin su, kuma da kunne yake bambanta Ferrari da BRM. Mahaifiyarsu kuwa ba ta taɓa kallo ba. Tagogi take rufewa ta zauna a ɗakin girki. Abin da ya fi tsorata ta, in ji shi, lokacin da ƙarar ta yanke ba zato, kwarin ya yi tsit, domin kowa ya san abin da hakan ke nufi.

Na tambaye shi labarin direban tsere Jackie Stewart, wanda na karanta a gidan tarihi. Ya tashi ya ja mu bakin ƙofa ya nuna mana lanƙwasar da hannu. A 1966 aka tashi gasa titi a bushe a Francorchamps, motoci na isowa wannan ɓangaren suka tarar da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Haka filin yake har gobe, gefe ɗaya rana, gefe ɗaya ruwa. Kusan rabin motocin ba su gama zagayen farko ba. Motar Stewart ta zame a nan Masta, ta daki falwaya, ta faɗa gefen wani gida, ta lanƙwashe ta matse shi, tankin mai ya fashe yana zuba a jikinsa. Kusan minti 25 yana ciki. Babu ma'aikacin ceto a kusa. Abokan tserensa biyu da su ma suka zame a wurin, Graham Hill da Bob Bondurant, su suka aro sifana daga wajen wani ɗan kallo suka kwance sitiyari suka zaro shi. Motar asibitin da ta ɗauke shi ma sai da ta ɓace hanya. Daga ranar ya riƙa ɗaure sifana a cikin motarsa, kuma ya ɗaura ɗamarar neman a gyara filayen tsere: shingen ƙarfe, likitoci, bel, motar kashe gobara. A 1969 direbobi suka ƙi zuwa Francorchamps saboda ba a yi gyaran da suka nema ba. An dawo a 1970, Pedro Rodríguez ya ci, kuma daga ita Formula 1 ba ta sake bin tsohon titin ba. A 1979 aka buɗe gajeren zagaye na kusan kilomita 7, aka yanke Burnenville da Masta da tsohuwar kwanar Stavelot gaba ɗaya, Formula 1 ta dawo a 1983. Ko a lokacin wani sashe na filin hanyar jama'a ne, sai a 2000 aka rufe shi ya zama na tsere zalla.

Sifanar nan ta tsaya mini a wuya. Ɗan bakanike ne ni, na san nauyinta a hannu.

Dattijon bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce filin yanzu keji ne, an sa mutane bayan raga, tikitin babbar gasa ya fi ƙarfin ɗan ƙauye, kuma mazan jiya su ne direbobi. Na fahimce shi sarai, domin ni ma hoton mazan jiyan ne ya taso ni tun daga Kano, kuma babu musu tsohon hoton ya fi sabon kyau. Amma ban bi shi duka ba. A gasar 1960 kaɗai, Stirling Moss ya karye a Burnenville wajen gwaji, ran gasar kuma Chris Bristow mai shekara 22 da Alan Stacey mai shekara 26 suka mutu a wannan gangarar, mintoci kaɗan tsakaninsu. Shi Stacey an ce tsuntsu ne ya buge shi a fuska. Lokacin da Stewart ya fara maganar gyara, wasu sun kira shi matsoraci, mutumin da ya zama zakaran duniya har sau uku, a 1969 da 1971 da 1973. Na ce wa Kawu ya gaya wa dattijon cewa ni ina tare da mahaifiyarsa. Ya yi shiru, ya jinjina kai, ya ce ita ma da tana raye haka za ta ce.

Dalilin da ya sa maganar ta taɓa ni, na gaya wa Kawu shi a mota. Direbobin da ke ɗauko mana motoci daga Legas zuwa Kano yara ne matasa, a jere suke tahowa cikin dare, suna rige-rige don wanda ya riga sauke mota shi zai riga komawa ya ɗauko wata. Shekara uku da suka wuce ɗaya daga cikinsu, yaro mai ladabi da ya bar mata da jariri, ya daki tirelar da ta lalace aka bar ta a kan titi ba fitila, sai 'yan ganyaye da aka jera a bayanta. Ya daɗe a matse cikin motar, mutanen ƙauye ne suka yi ta fama da gatari. A wajen zaman makoki kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa. Amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali, kuma motar da ya mutu a ciki tawa ce, ni na ce ina son ta iso kafin Juma'a. Mutanen nan na Francorchamps sun kai shekara hamsin suna binne matasa kafin su yarda su taɓa titin. Kuma gyaran bai kawar da ajali ba: Stefan Bellof ya mutu a Eau Rouge a 1985, Anthoine Hubert a saman Raidillon a 2019, Dilano van 't Hoff mai shekara 18 a ɗan gaba kaɗan a 2023. Sai dai kowane ɗaya daga cikinsu an zauna an binciki yadda abin ya faru, an auna, an yi gardama a kan abin da za a canza. Yaron nan namu ko hoton wurin babu wanda ya ɗauka.

Kafin mu rabu da dattijon na ciro ambulan na nuna masa hoton Baba. Ya sa tabarau, ya matsa kusa da taga, ya daɗe yana kallo. Ya ce motocin na tsakiyar shekarun 1960 ne, kafin a fara ɗora musu fukafukai. Sannan ya ɗora yatsa a kan gidan dutsen ya ce, "Burnenville. Kun wuce ta gabansa ɗazu." Ya zana mana taswira a bayan takardar dankali. Ya so mu biya gidansa mu ga kundin hotunan mahaifinsa, muka bi shi, matarsa ta dafa mana kofi. Kundi uku ne, kowane hoto da shekararsa rubuce a baya da fensir, har da na shanunsu a bakin titi da motar tsere a bayansu. Ina buɗawa ina tunanin Filin Sukuwa na Kano, da hawan dawakin da iyayenmu ke ba mu labari, da ganuwar da muka taso muna hawa ta ƙare a kan idonmu. Hotunan suna nan a gidaje cikin akwatunan ƙarfe, gara na aikinta, ba wanda ya rubuta shekara a bayansu.

Da yamma muka ƙarasa sauran titin. Tsohuwar kwanar Stavelot tana nan da jirkicewarta kamar gefen akushi, an yi ta haka ne don mota ta sha ta ba tare da rage gudu ba. Daga nan hanya ta haura cikin daji har ta ƙare a wata ƙofar ƙarfe, bayan ƙofar kuma ga kwaltar filin yanzu tana sheƙi. Muka yi la'asar a gefen hanya a kan rigar ruwan Kawu. Shi ma tsohon tunani ya motsa masa, ya ba ni labarin yadda suna samari suke jin labarin motocin Paris–Dakar idan sun ratsa Agadez, har wasu su yi tafiyar kwana don su gan su.

Lahadi da sassafe muka koma Burnenville. Mun ajiye mota a wata 'yar hanyar gona muka taka da ƙafa, ciyawa jiƙe da raɓa. Kwanar doguwa ce, tana ta shan dama tana gangara kamar ba za ta ƙare ba. Na riƙe hoton a gabana ina matsawa kaɗan-kaɗan har layin tudun baya ya hau kan na hoton. Gidan yana nan. An sake masa rufi, an ƙara masa rumfar ajiye mota, tagoginsa uku na sama suna inda suke. Falwayar babu ita. Inda 'yan kallo suka tsaya an dasa shingen ganye, kuma wata 'yar bishiya da ke bayan gidan a hoto ta girma ta fi gidan tsawo. Wata mata ta wuce a keke da burodi a kwando, ta gaishe mu. Na karanta wa Baba Ƙulhuwallahu, na yi masa addu'a, na haɗa da yaron nan direba. Kawu ya karɓi wayata ya ɗauki wurin daga daidai inda nake tsaye.

Komawa Brussels ba wani labari, man da muka sha zuwa da dawowa bai kai Yuro 50 ba, kuma Kawu ya ƙi karɓar ko sisi. Ran Talata na taso.

Da na huta kwana biyu a Kano na je aka wanke mini sabon hoton, aka yi wa tsohon kwafi, na rubuta sunan wurin da shekara a bayan kowanne. Na kai wa babban yaron Baba, wanda yanzu yake da garejinsa a Ƙofar Ruwa, shi ma furfura ta kama shi. Ya goge hannunsa da tsumma ya karɓa, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce, "Ikon Allah, ashe gidan mutane ne da gaske." Ya sa na maimaita masa labarin sifanar har sau biyu. Sannan ya kira wani yaro ya ce ya kawo ƙusa huɗu da guduma.